Ba Azumin Tsofaffi Ba Ne

Watan Azumin Tsofaffi, 1957

Asabar, bayan la'asar

Yau ma ba a sako Barau ba. Tun ranar kasuwar Ƙanƙara da aka tafi da shi ba wanda ya sa shi a ido. Wasu sun ce takalmi ya ƙi cirewa a gaban manya, wasu sun ce wata magana ya yi a rumfar mahauta, wasu kuma sun ce katin jam'iyya aka gani a aljihunsa. Ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne ɗan kawuna ne, tare muka tashi, kuma bakinsa ba shi da linzami tun muna yara.

Na buɗe aji a gindin tsamiya kamar kullum. Aikina in koya wa manya baƙaƙe, Yaƙi da Jahilci ke nan, amma su ba baƙi ke kawo su ba. Da mun yi ba, be, bi, sai su ce a jingine allo a ba su labarin manyan da ke nema wa ƙasashensu 'yanci. Kowa sun raɗa masa suna. Na Masar da ya karɓe mashigin ruwa daga hannun Turawa, Mai Ƙwace. Na Gwalkwas da aka fito da shi daga kurkuku aka damƙa masa gwamnati, Fursuna Mai Sa'a. Gandi na Indiya kuwa Tsoho Mai Akuya, don na taɓa ce musu nonon akuya yake sha. Kawu Audi, uban Barau, har yau bai iya raba b da d ba, amma labarin Tsoho Mai Akuya ya fi ni riƙe shi.

Da aka tashi ya kama mini hannun riga. Ya ce, "Harisu, tsohon nan in ya ƙi cin abinci, mi ke sa masu iko su sauko?"

Na ce, "Kunya, Kawu. Duniya na kallonsu."

"To wa ke kai masu labari?"

Na ce masu ilimi. Ya gyaɗa kai ya tafi gida.

Lahadi, da hantsi

An ce Kawu bai ci tuwon jiya ba, kunun safe ma an fita da shi yadda aka kawo.

Litinin, bayan azahar

Inna Lauratu, matar Kawu, ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a tsaye bakin zaure da akushi a hannu, shi kuma yana zaune kan buzu ya juya wa akushin ƙeya.

Ta ce, "Zo ka gani abin da karatunku ya jawo mani. Tuwon dawa sabuwa, miyar kuka da man shanu, ko kallonshi bai yi ba."

Kawu ya ce, "Ba ni sa komi bakina sai ɗan'uwanka ya shigo zauren nan da ƙahwarshi. Ruwa dai zan sha, yadda ka ce shi ma tsohon ya yi. Ka ce masu ilimi ke kai labari. To, kai ne mai ilimin. Tahi ka hwaɗa ma Alhaji Nata'ala."

Alhaji Nata'ala! Mutumin da in ya ce a buɗe ƙofa a ƙasar nan ake buɗewa, in ya ce a rufe ake rufewa. Shi ya sa baki aka ba ni ajin nan. Na ce wa Kawu Indiya daban, nan daban. Ya ce ciki dai ciki ne ko'ina.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni labari na ba da. Labarin nan kowa ya ji shi a gindin tsamiya, don me Gide, ɗan ajin nan, bai daina cin tuwo ba? Jiya na gan shi yana suɗe kwano.

Laraba, da magariba

Na je Ƙanƙara a keke. Na cire takalmi tun daga bakin dakali, na zauna a zaure har ƙafata ta mutu kafin a kira ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Kawu Audi ne ba ya cin abinci."

Alhaji ya ce, "Af, azumin tsofaffi yake? Madalla! Haka ake son dattijo, ɗa ya ɓata, uba ya koma ga Allah. Ya ajin naka?"

Na ce aji lafiya lau. Aka shigo da wasu Fulani masu ƙara, aka tura ni gefe. Na faɗi abin da ya samu faɗuwa.

Kawu na jirana a zaure. Ya ce, "Ka kai?" Na ce na kai. "Mi ya ce?" Na ce ya ce madalla. Ya daɗe yana juya kalmar a bakinsa, sa'an nan ya ce, "Wato mu zuba mu gani ke nan. To, mu zuba."

Alhamis, da hantsi

Bai ci ba.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Abin haushi ba ya ƙarewa. Da ma watan nan tsofaffi kan yi azumin nafila, shi ya sa ake ce masa haka. Ga tsoho ba ya cin abinci a watan azumin tsofaffi, me kuma mutane za su ce? Zauren Kawu ya cika da masu gaisuwa. Sannu da ibada, Baba. Allah ya karɓa, Baba. Wata tsohuwa ta kawo jikarta mai ciwon ido ya tofa mata.

Kawu ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Ba azumi nike ba! Ƙin ci na yi!"

Gide ya juya wurin mutane ya ce, "Kun ji mutanen da. Ɓoye ibadarshi yake, ba ya son riya."

Gide ya san gaskiya sarai, yana gindin tsamiya ranar. Duk 'yan ajina sun sani. Amma azumi ba ya kai mutum inda aka kai Barau, saboda haka kowa ya ce azumi ne. Matsorata kawai.

Asabar, da azahar

Dabarar tawa ce. Na ce Kawu ya sha ruwa tsakar rana a gaban jama'a, kowa ya gani da idonsa. Aka kama shi ya fito bakin rijiya, rana na tsaka, mata na ɗiba. Ya ɗaga ƙwarya ya sha har yana zuba a gemu.

 Sai wata ta ce, "Wayyo, tsufa! Ya manta." Wani ya ce mantuwa ba ta karya nafila, Allah ne ya shayar da shi, kada ma a tuna masa. Suka bi shi da sannu har gida.

Na dawo na rasa wanda zan zaga, sai na huce a kan kekena.

Litinin, bayan la'asar

Manzon Alhaji Nata'ala ya zo da ƙullin dabino da sukari. Wai a ba mai azumi ya riƙa buɗa baki, kuma a sa Alhaji a addu'a.

Kawu bai taɓa ƙullin ba. Ni ya zuba wa ido. Na ce ai ka san manya, haka suke gwada mutum, su ga ko zai karaya. Ban san daga ina maganar ta fito mini ba. Ya ce in haka ne sun yi kaɗan. Inna ta ɗauke ƙullin ta ce za ta ajiye wa yaron nan, shi da ba a san me ake ba shi ba. Ba ta kama sunan Barau, ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin sunan a bakinta ba.

Talata, da hantsi

Bai ci ba. Idanunsa sun faɗa. A zaune ya yi sallar asuba.

Laraba, bayan azahar

Wan Inna ya iso daga Sabuwa a kan jaki, da fushinsa. Labari ya kai musu wai mijinta ya daina cin girkinta don yana zargin ta sa masa wani abu. Mace ta tsufa a ɗakinta, ta aurar da 'ya'ya, yau ita ake yi wa wannan ƙazafi! Ya ce ta ɗauko mayafinta su tafi. Ta ce ba inda za ta, in ta tafi wa zai kai akushi?

Don kullum sai ta tuƙa. Ta kwashe, ta shafa man shanu, ta kai ta ajiye gabansa, ta durƙusa ta ce ga tuwo, Malam. Ya ce an gode. In ya huce ta zo ta ɗauke.

Da wan nata ya fita ta tsare ni a bakin madafa. Ta ce, "Harisu, tsohon naku na Indiya, shina da mata?"

Na ce yana da ita.

"To ita mi ta yi da tuwon? Wa ya ba ka labarinta?"

Ba wanda ya ba ni. Duk abin da na karanta ba a ce komai a kan tuwon ba. Na ce zan duba, ta ce in duba da kyau.

Alhamis, bayan la'asar

Na sami liman, Malam Almu, shi kaɗai a gindin darbejiya. Na ce, Allah gafarta Malam, kai ma ka san ba azumi ba ne, don me ba za ka faɗa a masallaci ba?

Ya ce, "Zamna, yaro. Na je na yi mashi wa'azi har muryata ta dushe. Na ce azumin da ba buɗa baki addini ya hana, jiki amana ne. Bai ji ba. Yanzu in na tashi gaban jama'a na ce Audi da gangan yake hana kanshi abinci, in ta Allah ta kasance, mi za a ce ya yi ma kanshi? Wa zai tsaya bayana a yi mashi salla? Bar shi azumi. Kai da ka iya bakin manya, je ka hiddo mashi ɗanshi."

Kowa ni. Liman ni, Kawu ni, Inna ni. Sai ka ce ni na kama Barau.

Asabar, da magariba

An ce Alhaji yana Faskari wurin kasuwar auduga, sai na bi shi can. Tun daga Mabai nake maimaita maganar a kan keke: Ranka ya daɗe, ba azumi ba ne, ƙin ci ne, saboda Barau. Gajeruwar magana ce. Na faɗa wa shanu, na faɗa wa wata kuka, na faɗa wa wani dutse. Har murya na gwada, mai taushi da mai kauri.

Na same shi a rumfa, mutane kewaye da shi, waɗanda suka tafi da Barau ma biyu na tsaye a bayansa. Ya hango ni ya yi dariya. Ya ce, "Malamin boko! Ya mai azumi?"

Na ce, "Yana nan yana yi, ranka ya daɗe."

Ya ce ana neman wanda zai riƙa duba azuzuwan wajen Daudawa, sunana ya ba da. Ya ce ya ji daɗi ban biyo halin wasu 'yan'uwana ba. Na yi godiya. Wurin ba wurin magana ba ne, ga hayaniya, ga masu awo na ta ihu. Ko wane ne ya je abin da zai tarar ke nan.

Tayar baya ta yi faci a hanya, na turo keken har gida.

Lahadi, da hantsi

Ban shiga gidan Kawu ba yau. Kaina ke ciwo.

Litinin, bayan la'asar

Aji ya koma aji. Yau kowa baƙi yake so. Gide har yana roƙo a sake masa ca, ce, ci. Ba wanda ya tambayi Mai Ƙwace, ba wanda ya tambayi Tsoho Mai Akuya. Wurin da Kawu ke zama an bar shi fili, ba wanda ya matsa ciki.

Jarida ta zo. Ta ce Laraba ta sama mutanen Gwalkwas za su karɓi mulkin kansu. Da a watan jiya ne da sai an yi mini ca a kanta. Na naɗe ta na sa a aljihu.

Ina ta tunanin manyan nan. Su fa in sun yi tari ana bugawa a takarda, in sun ƙi ci sai ƙasa ta girgiza. Ba wanda ya rubuta yadda ake yi in mutum yana ƙauyen da ko mota ba ta shiga. Laifin masu rubuta labarin ne, rabi suke faɗa.

Laraba, da hantsi

An mai da Kawu ɗaki, ba ya iya zaman zaure. Muryarsa sai ka kai kunne.

Ya ce, "Harisu, sun ji?"

Na ce sun ji.

"To mi suke jira?"

Na ce manya ba sa saukowa da wuri, Tsoho Mai Akuya ma ya sha jira. Na ce amma ko kunu ne ya ɗan kurɓa, ba wanda zai sani. Ya ce, "Ni zan sani." Na ce to a ce ya huta, in ya yi ƙarfi ya sake. Ya rufe ido ya bar ni da bakina.

Alhamis, bayan azahar

Inna ta tace ruwan gero siriri ta zuba a butarsa, har ba a ganin farinsa. Ya kurɓa ɗaya ya tsaya. Ya tofar a kasko. Bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Lauratu, har ke?"

Ta fita bayan rumbu ta yi kukanta. Na tsaya a tsakar gida ban san inda zan sa hannuwana ba. Na ji tausayinta, na ji haushinsa, na ji haushin Barau ma da bakinsa. Takalmi ne fa. Mu da muke cirewa ƙafarmu ta gutsure ne?

Juma'a, da hantsi

Bai ci ba. Gobe zan koma wurin Alhaji. Wallahi gobe.

Asabar, bayan la'asar

Ban sami facin taya ba.

Lahadi, da azahar

An ga wata. Mun shiga watan sha ruwan tsofaffi, duk masu nafila sun ajiye. Tun da safe kwanuka ke shiga gidan Kawu, fura, kunun tsamiya, wata har da farfesun kaza. Kowa na cewa yau dai Baba Audi zai sha ruwa, Allah ya sa karɓaɓɓe ne.

Kwanukan na nan jere a tsakar gida, ƙuda na bi. Yau na fara ganin mutane na kallon juna. Gide ya ja ni gefe ya ce, "Malam, anya ka kai saƙon nan kuwa?" Na ce shi da yake da ƙafa me ya hana shi zuwa?

Litinin, bayan azahar

Kawu ya rasu bayan sallar asuba. An kai shi da hantsi. Malam Almu ya yi masa salla, gari duka ya bi.

Laraba, bayan la'asar

Sadakar uku. Ana zaune a ƙofar gida sai ga Alhaji Nata'ala da mutanensa. Kowa ya miƙe, aka shimfiɗa masa darduma. Ya yi addu'a mai tsawo. Ya ce ya yi rashin dattijo na gari, mutumin da bai taɓa sa kansa cikin hayaniyar zamani ba, ya cika wata guda yana ibada Allah ya ɗauke shi da bakin azumi. Mutane na cewa haka ne, haka ne. Ni ma kaina na ƙasa.

Sai murya ta fito daga bayan darni. Inna ce. Tana takaba, ba ta fita ba, amma ba wanda bai ji ta ba.

Ta ce, "Ba azumi ya yi ba! Ni na tuƙa tuwon, ni na ɗauke shi, ni na sani. Ƙin ci ya yi, saboda kun riƙe mashi ɗa. Barau! Barau nike nuhi, in ba ku san sunanshi ba!"

Mata suka yi ta ba ta baki, ana cewa zafin mutuwa ne. Amma sunan ya riga ya fita. Na ga tsofaffi sun sunkuyar da kai, don sun san abin da ya ci mata kafin ta kama shi.

Alhaji ya ɗaga kai. Ya dubi liman, ya dubi jama'a. Ya ce, "Ƙin ci? A kan yaron nan? Subhanallahi. Ai da an hwaɗa mani, magana ɗaya ce. Malam Harisu ya iske ni Ƙanƙara, ya iske ni Faskari. Na tambaye shi mai azumi, ya ce yana nan yana yi."

 Gide ya ɗan ja tabarmarsa nesa da ni.

Ƙarya yake yi. Da na faɗa da Alhaji ba zai saki Barau ba, da ni ma can zan kwana. Haka suke, in an mutu sai su zama masu sauƙin kai. Ƙarya yake yi. Yau ce ma ranar da jarida ta ce ana biki a Gwalkwas.

Alhamis, da azahar

An sako Barau.

Asabar, da magariba

Na je gindin tsamiya bayan la'asar na kafa allo. Na rubuta da, de, di, na zauna. Ba wanda ya zo. Har na fara goge allon sai na ji tafiya a bayana.

Barau ne. Ya rame, an aske masa kai, takalminsa na ƙafarsa. A hannunsa akwai ƙullin dabinon nan, bai kwance ba. Ya wuce duk filin ya zauna daidai inda Kawu ke zama, ya ajiye ƙullin a gabana.

Na ce masa sannu, ya haƙuri. 

Ya ce, "Malam Harisu." Tunda muke bai taɓa ce mini Malam ba. "Inna ta ce kai ka iya labarin. Ba ni shi yadda ka ba Baba. Ka hwaro tun daga hwarko, kada ka tsallake komi, har ka zo wurin da masu ilimi ke kai labari."